Wayar Sabi'u da Ɓoyayyen Waifai na Damagaram

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina kafin na soma shi. Tun da na dawo daga Damagaram, duk wanda muka haɗu a ƙofar masallaci ko a bakin kasuwar Kiyawa sai ya tsayar da ni ya ce, "Malam Hamisu, yaya Nijar ɗin? An dace kuwa?" In fara ba da labari, a kira salla, ko wani ya shigo da tasa maganar, in tsaya a tsakiya. Wasu sun ji farko ba su ji ƙarshe ba, har labarin ya fara dawo mini da abubuwan da ban faɗa ba. Amma karatun bokona a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in rubuta abin da zai ɓata wa mutanen da suka karrama ni rai. Ga shi maganar ta cikin gida ce. Sai da na tambayi Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "Rubuta mana. Wa ya sani ko wani ya karanta." Shi ne na zauna.

Sabi'u ƙanena ne, shi ne autanmu a maza. Ni na tsaya a makarantar allon da mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bari, ina kuma taɓa noma. Shi gyaran keken ɗinki ya koya, sana'ar da ba ta barin mutum wuri ɗaya. Ya yi Jahun, ya yi Gumel, daga baya ya tsallaka Nijar ya zauna a Damagaram. Duk bayan sati ɗaya ko biyu yakan kira ni ta bidiyo ya ce, "Yaya, yau na samu waifai, kai wa Inna." Idon Inna ya yi rauni, sai ta kawo wayar dab da fuskarta ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ya rame. Bayansa bango ne kawai, babu abin da mutum zai gane wuri da shi. Ban taɓa tambayarsa sunan unguwarsu ba, don ina ganin ai gobe ma zai kira.

Sai kiran ya ɗauke. Lambarsa ta can ta daina shiga. Muna cikin wannan hali wani direba mai zuwa kasuwar Maigatari ya kawo mana waya a ƙulle cikin leda, ya ce wani ne ya ba shi a tasha, shi ma wancan wani ne ya ba shi. Saƙon da ya biyo ta daga Sabi'u na baki ne: a kai wa Inna ta riƙa jin karatu, ya sayi wata, zai kira. Babu layi a ciki, babu lambar kowa, babu hoto, sai karatun Alƙur'ani. Damina ta zo ta wuce bai kira ba. Inna ta daina yarda a kunna mata karatun, wai in yana tashi Sabi'u ya kira ba za mu ji ba. Na yi mata bayani cewa wayar da ba ta da layi ba a kiran ta. Ta ce, "Na ji. Bar ta dai bakinta a rufe."

Bakin cajin wayar ne ya lalace, na kai ta Dutse wurin wani mai gyara, Nura. Harshen wayar Faransanci ne, shi ma da hotuna yake bin ta. Bayan ya gama gyaran yana ɗan latse-latse sai ya ce, "Baba Malam, wayar nan tana riƙe da waifai guda ɗaya. Sunansa Alheri 2. Kuma ɓoyayye ne."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Akwai masu ɓoye sunan nasu saboda maƙwabta. In ka duba jerin waɗanda waya take gani, ba zai fito ba, ko kana tsaye a kansa. Sai wayar da aka taɓa rubuta mata sunan da lambar sirrin da hannu. Ita ce in ta zo kusa take kiran sa da sunansa, ya amsa, su haɗu. Za ka ga wata alama a sama kamar ƙaramin mafici."

"Kusa kamar yaya?"

"Kamar daga nan zuwa mai lemon can. Gida ɗaya ko biyu." Ya miƙo mini wayar. "Amma kada ka bari kowa ya goge shi. Duk mai gyaran da ka ce wa waya ta ƙi kama waifai, abin da zai fara yi ke nan, ya goge ya sake sakawa. Ni ma haka nake yi. Kai kuwa ba ka da lambar, kuma tsohuwar waya ce, ba ta nunawa. In ya tafi ya tafi."

Na tambaye shi, ke nan in na kai wayar inda Sabi'u yake zama yana kiran mu, za ta nuna mini? Ya yi dariya ya ce, "Sai dai in za ka zagaye Damagaram da ƙafa." Shi wasa yake yi. Ni kuwa har na hau mota zuwa Kiyawa maganar tana kaina.

Da muka gama girbi na damƙa makaranta a hannun ɗan'uwanmu, na yi sallama da Inna. Ba ta ce komai ba sai, "Ka riƙa cin abinci." Na naɗe wayar a ƙyalle na sa a aljihun ciki, na hau motar Jahun da sassafe. Daga Jahun muka yi Gujungu, daga nan Gumel. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Talatu, mai kai atamfa Magarya. Ta ga ina ta zaro ƙyallen ina warwarewa ina dubawa ina mayarwa, tun tana kawar da kai har ta gaji.

"Malam, ƙwai ne a ciki ko jariri?"

Na ba ta labarin. Ta ɓare goro ta ba ni rabi. Da muka kusa Maigatari ta ce, "In mun je wajen jandarmomin kan iyaka, ka gaishe su, ka miƙa katinka, ka rufe bakinka. Ku malamai dogon bayani ne yake jawo muku."

A Maigatari na canja kuɗi, muka hau babura muka bi yashi zuwa ɗaya gefen. Jandarman da ya tare mu dogo ne baƙi, Hausarsa tana da wani ɗan karkata da ban saba ji ba. Ya duba katina, ya sa na fito da abin da ke aljihuna. Ya ce, "Salula biyu?" A ranar na san su salula suke ce wa waya. Ya ɗauki ta Sabi'u ya kunna, ya fara zagaya babban yatsansa a kanta. Shi yana jin Faransanci, ni kuwa ban san ina yake shiga ba, kada ya goge wani abu. Na manta da gargaɗin Hajiya, na ɗauko bayani tun daga ranar da Sabi'u ya bar gida. Mutanen da ke bayana suka fara tsaki. Shi kuwa ya saurara har na kai ƙarshe, ya naɗe wayar a ƙyallenta da kansa ya ba ni.

"Damagaram ba ƙauye ba ce, Malam. Allah shi sa a dace."

Da muka wuce Hajiya ta ce, "Na ce ka rufe baki ko ban ce ba?"

Na ce, "Kin ce."

"To, yau dai ka ci sa'a."

Motar da muka samu zuwa Dungas da Magarya ta ɗauki kaya har sama, da mutane a kan kayan. Taya ta fashe mana a hanya, muka sauka muka yi azahar a kan yashi, muka sayi fura wurin wasu mata da suka fito daga ruga. A Magarya na rabu da Hajiya Talatu. Ta ce in na same shi in ja masa kunne a madadinta. Na isa Damagaram rana ta yi sanyi. Abin da ya fara ba ni mamaki manyan duwatsu ne a tsakiyar gari, gidaje a jikinsu, kamar an ɗauko wani yanki na Dutse an ajiye.

Na sauka a unguwar Birni, gidan Malam Ila, wanda ya yi karatu wurin mahaifinmu tun ina ƙarami. Ya rungume ni yana kuka, ya ba ni shagon da ke jikin zaure. Bai taɓa sanin Sabi'u yana garin ba, wannan ma ya yi masa ciwo. Ya ce, "Ɗan Malam yana garin nan bai zo ya ci tuwona ba?"

Abincinsu bai yi nisa da namu ba, amma akwai bambanci. Da safe dogon burodi ne mai tauri kamar sanda, wanda a rana ta farko ya yanke mini dasashi. Da rana dambu da zogale, mai daɗi ƙwarai. Shayi kuma a 'yan ƙananan kofuna ake ba da shi, mai ɗaci da kumfa. Na shanye nawa na yi godiya na miƙe, Malam Ila ya kama rigata ya ce, "Ina za ka? Wannan na farko ne, mai daɗin yana baya." A wurinmu mutum ya sha shayi ya tafi harkarsa. Su shayin shi ne harkar. Da tsakar rana shaguna da yawa a rufe suke sai la'asar. Na ga mata manya da lulluɓinsu suna tuƙa babur, babu mai ko waiwayarsu. Abin da ya fi wahalar da ni ruwa ne. Saye ake yi wurin 'yan garuwa, ni kuwa mutum ne mai yawan kokwanto a alwala, in wanke hannu in ga kamar bai wanku ba in sake. A gida rijiya tana nan. A can buta ɗaya ake ajiye mini, kuma na ga abin da ake sha kafin a samu. Na koyi yin alwala sau ɗaya, amma raina bai taɓa kwanciya da ita ba.

Na fara da bin duk inda aka rubuta Alheri. Ban san sunan yana da yawa haka ba. Shagon magani Alheri, gidan abinci Alheri, wurin wankin mota Alheri. Kowanne na shiga na yi sallama na tsaya ina kallon wayar, babu alamar mafici. Na bi teloli ina tambayar ɗan Najeriya mai gyaran keke. Suka ce 'yan Najeriya masu gyaran keke ai suna da yawa, wanne daga ciki? Na ce siriri, mai tabo a girar hagu. Wani ya ce kamar ya sani, wani ya ce wancan ai ɗan Katsina ne.

Da na ga haka sai na koma bin lunguna da ƙafa. Amma kafin in fara akwai abin da ya tsaya mini a rai, na kai wa Malam Ila. Na ce, "Malam, in wayar nan ta kama waifan wani, ai na shiga abinsa ba da izininsa ba. Shi ya ɓoye ne don kada a shiga. Sabi'u aka ba izini, ba ni ba."

Ya shafa gemu ya ce, "Ai ba ci za ka yi ba, nema kake yi."

"Nura ya ce da zarar ta kama take fara jan data."

"To, in ta kama ka kashe, ka je ka yi sallama ka nemi mai shi. Shi ke nan ka fita."

Wannan ya kwantar mini da hankali. Na ɗauki alkawari a raina haka zan yi.

Kullum bayan karin kumallo sai in fita, waya a tafin hannu, ina bin jikin katangu. Na yi Birni, na yi Sabon Gari, na yi unguwannin da ban riƙe sunayensu ba. Takalmina ya tsinke na ɗinke. Wata rana na tsaya a jikin wani gida mai ƙofar ƙarfe na ɗaga wayar sama, sai wata mata ta leƙo da tsintsiya a hannu.

"Kai ma kodin kake nema? Babba da kai, da gemunka. Yaran unguwa sun ishe mu, yanzu har da dattawa."

Kodi shi ne lambar sirri a bakinsu. Kunya ta rufe ni. Na ba ta haƙuri, na fara bayani, ta ce ba ta da lokaci, ta rufe ƙofa. Na yi nisa sai ga ta ta biyo ni da ruwa a kwano, ta ce mai gidanta ya ji ta taga, ya ce a ba ni haƙuri. Ta ce nasu ba Alheri ba ne.

Na fi mako a haka. Malam Ila ya ce wataƙila wayar ce ke da matsala, ya kwatanta mini shagon wata mata a babbar kasuwa, Madam Rabi, wadda ya ce duk unguwarsu ita suke kai wa. Na same ta da tabarau a kan hanci tana cin gyaɗa. Na ce waya ce ta ƙi kama waifai. Ban ƙarasa ba ta karɓa, ta latsa nan ta latsa can, ta ce, "Wannan ai sauƙi ne, sai a goge a sake..."

Na ga yatsanta ya nufi gilashin. Ba zan iya kama hannun matar mutane ba. Sai na cire hulata na kifa a kan wayar.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Malam, lafiya?"

Na ba ta labari. Ta ɗaga hular da yatsu biyu ta miƙo mini, ta ce in zagayo in tsaya kusa in ga duk abin da za ta taɓa. Ta shiga cikin sunan Alheri 2 tana karanta Faransancin a hankali, can ta tsaya.

"Tun yaushe kake yawo da ita?"

"Ya fi mako."

Ta ajiye gyaɗar. "Ka ga nan? Wannan shi ne wurin da ake ce wa salula ta riƙa haɗawa da kanta. A kashe yake. Wanda ba ɓoyayye ba, ko wannan yana kashe za ka gan shi a jeri ka taɓa. Ɓoyayye kuwa, in ba ta kira shi ba, ba zai fito ba. Salular nan ba ta nemi kowa ba, Malam. Barci take yi a hannunka."

Na nemi benci na zauna. Duk lungunan nan suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila na wuce ta ƙofar, wataƙila ma na jingina da bangon.

Ta kunna wurin. Ta kashe wani abu da ta ce na tattalin batir ne, wai yana hana waya yawan nema. Ta ce kada in bar fuskar wayar ta mutu, kuma kada in riƙa wucewa da sauri, don ba kowane lokaci take kira ba, tana yi tana hutawa. "In ka zo kwana ka tsaya kamar tsawon Fatiha da sura." Ta nuna mini agogon wayar, wanda tun da aka kawo ta yake nuna lokacin da ba shi ba, ta ce ranar da ta kama zai gyara kansa. Ta ƙi karɓar komai.

Na sake ɗaukar garin daga farko, wannan karon ina tsayawa a kowace kwana ina karanta Fatiha da sura a zuci. Ƙafafuna suka kumbura. Matar Malam Ila ta riƙa dafa mini ruwan ɗumi da gishiri, duk da tsadar ruwan.

Ranar da abin ya faru ina unguwar Zango, kusa da wata tasha inda motocin arewa suke lodi. An idar da la'asar. Na tsaya a wata kwana, gefe ɗaya gidaje ne a jere, gefe ɗaya rumfar mai shayi da motoci. Ina tsakiyar sura na duba hannuna, sai ga maficin nan, cikakke. A gaban idona agogon ya yi tsalle ya koma daidai.

Abin da ya fara zuwa raina alkawarin nan ne: na shiga abin mutane. Kafin in yi wani tunani yatsana ya kai, na kashe.

Sai da na kashe na tuna ban san wane gida ba ne. Da na bar shi a kunne na matsa gaba na matsa baya, da ƙarfin alamar ya nuna mini inda yake fitowa, Madam Rabi ta faɗa mini haka. Na sake kunnawa. Babu komai. Na karanta Fatiha da sura, na ƙara, na ƙara. Na koma daidai inda ƙafata take, na ɗaga wayar sama, na sauke ta ƙasa. Na kashe wayar gaba ɗaya na kunna. Har aka kira magariba maficin bai dawo ba.

Washegari na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da sallama. Kowa ya fito da mutunci, kowa ya ce ba shi da waifai. A wani gida na ga waya ta bi bango ta shiga taga, mai gidan ya ce ta talabijin ce. Ban ce ƙarya yake yi ba, ban sani ba.

Da na gaji na zauna a rumfar mai shayin, wani dattijo da ake kira Baba Mamman. Ya zuba mini ba tare da na tambaya ba.

"Tun jiya nake kallon ka, Malam. Wanda ya ɓoye abu saboda maƙwabta, kai kuma ka je kana tambayar sa a ƙofar gida maƙwabtan suna ji, me kake so ya ce?" Ya nuna tashar da cokali. "Kuma ba lalle gida ba ne. Direbobin nan suna yawo da wani ɗan akwati kamar sabulu, shi ma wifi ne. Jiya bayan la'asar motoci sun tashi."

Na ce ƙanena nake nema, mai gyaran keken ɗinki, siriri, da tabo a gira.

Ya tsaya da fifita gawayi. "Mai yawo da 'yar gwangwanin mai a aljihu?"

Na ce shi ne.

"Ai can yake zama, ƙarshen bencin, jikin bango. Ya sa abu a kunne ya yi ta magana da wata tsohuwa. In ya gama sai ya dawo ya ba mu dariya. Yana da wani wa da yake ba mu labari, wai in ya kulle ƙofa ya tafi sai ya dawo ya taɓa kwaɗon, ya tafi ya sake dawowa, har liman ya tayar da salla." Ya dube ni da kyau. "Kai ne, ko?"

Na ce ni ne.

"Ya ce duk gidansu babu mai tsoron Allah kamarka, kuma babu mai gajiyar da mutane kamarka."

Na yi dariya, sai na ji dariyar tana neman zama wani abu, na sunkuyar da kai kan kofin. Na tambaye shi ina ya tafi. Ya ce wata rana ya ce arewa zai yi, wata rana ya ce gabas, shi dai bai ga ranar tafiyarsa ba, ya lura ne kawai wurin ya zama babu kowa. Na tambaye shi waifan wa yake kamawa a nan. Ya zaro tasa wayar mai maɓallai ya nuna mini. "Ni da wannan me zai kai ni tambaya?"

Na koma ƙarshen bencin na zauna. Bangon da ke bayana shi ne wanda nake gani a bayan Sabi'u, ko kuwa ni ne nake so ya zama shi, duk bangon garin kusan iri ɗaya ne. Na jingina. Na yi kwanaki ina zuwa wurin daga hantsi zuwa magariba, waya a kan gwiwa. Motoci suna shigowa suna fita, duk wadda ta tsaya sai in duba. Na tambayi direbobin da suka yarda su saurare ni. Babu wanda ya san Alheri 2.

Na koma wurin Madam Rabi na tambaye ta ko kashewar da na yi ce ta kore shi. Ta ce ba ta jin haka. Ta ce wataƙila mai shi yana kunna na'urar ne ya kashe, wataƙila ya ga baƙuwar waya ta shigo ya toshe ta ko ya sauya lambar, wataƙila kuma mota ce ta tafi. "Duk suna yiwuwa. Daga nan ba zan iya sani ba." Malam Ila ya ce na yi abin da na ga shi ne daidai, in bar wa Allah. Na yarda da maganarsa, amma har yau in na tuna sai in ji yatsan nan kamar ba nawa ba.

Makaranta tana jira, kuma na yi wa masu masaukina nauyi ko da ba su faɗa ba. Na biyo hanyar da na bi na dawo. Na iso Kiyawa da yamma, na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake da lalube. Ta ji takuna, ta kuma ji na mutum ɗaya ne. Ba ta tambaya ba sai da na sha ruwa.

"Ta kama?"

"Ta kama, Inna. Na ɗan lokaci."

"To yana nan ke nan."

"Ya zauna a wurin. Na ga inda yake zama. Mai shayin ya san shi."

"Yana cin abinci?"

Na ce mai shayin bai ce ya rame ba, kuma wannan gaskiya ne. Ta karɓi wayar ta shafa fuskarta da babban yatsa, ta sa a ƙarƙashin matashinta.

Wannan shi ne abin da ya faru, ban ƙara ba, abin da na rage kuma mantuwa ce. Yanzu ina roƙon masu karatu abu biyu. Waɗanda suka san harkar waya, ku gaya mini: me yake sa waya ta kama ɓoyayyen waifai sau ɗaya, a kashe a kunna a wuri ɗaya, ta ƙi komawa? Akwai abin da ya kamata in taɓa wanda ban taɓa ba? Ina da niyyar komawa in Allah ya kai mu bayan salla, ba na so in sake zuwa da jahilci. Ku yi mini bayani da Hausa mai sauƙi a ƙarƙashin wannan rubutu, za a karanta mini abin da ban gane ba.

Na biyu, direbobi da 'yan kasuwa masu bin Damagaram, da mutanen Zango: duk wanda ya san mai waifai Alheri 2, a gida ne ko a mota, ya gaya masa ba lambarsa nake so ba, kuma ba zan faɗa wa maƙwabtansa ba. In na ci masa wani abu a ɗan lokacin nan, ya yafe mini. Tambaya ɗaya zan yi masa, ina mutumin da ya rubuta wa sunan a waya ya nufa.

In kuma wani ya ga Sabi'un da kansa, Inna ta ba da saƙo, ta sa na maimaita mata don kada in sauya. Ta ce kada a ce masa ya dawo, kada a ce masa an sha wahalar nemansa. A ce masa kawai ya ari wayar wani ya kira.